Tambayar da Ba Ma Yi a Ɗakin Awo

 

Shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni da limamai, malaman makarantun jinya da na ungozoma, 'yan'uwana ma'aikatan asibitocin unguwa, da 'ya'yanmu ɗalibai, barkanku da zuwa. Allah ya saka da alheri.

A duk asibitin sha-ka-tafi da ke aiki yadda ya kamata, idan babba ya shigo, ko ciwon yatsa ne ya kawo shi, sai an ɗaura masa abin awon jini a damtse. Ba ma kallon fuskarsa mu ce wannan bai yi kama da mai hawan jini ba, ba ma kuma jira sai ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ma ba ya jin an ci masa fuska, domin a gabansa aka auna wanda ya riga shi, kuma ya san za a auna na bayansa. Roƙon da na zo da shi yau shi ne mu ba wata tambaya irin wannan matsayi: me mutum yake sha, ko yake haɗiya, ko yake shaƙa, wanda ba likita ne ya rubuta masa ba? A yi wa kowa ita, a yi ta da wuri, a yi ta a keɓe, kuma mai yin ta ya san abin da zai yi da amsar.

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken ƙasa kan shan ƙwayoyi a Najeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da tallafin Tarayyar Turai. An gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin 100, sun taɓa wani abin sa maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Matsakaicin duniya a lokacin kashi 5.6 ne kacal. Wiwi ce a gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe raɗaɗi dangin tiramol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4. A Arewa maso Yamma kashi 12 ne, a Kano kuwa kashi 16, mutum sama da miliyan ɗaya. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Waɗannan alƙaluma an sha karanta su a taruka. Akwai guda ɗaya da ba a cika tsayawa a kansa ba, kuma shi ne ya shafe mu kai tsaye. Binciken ya ce cikin mutum biyar masu sha, ɗaya ne abin ya kama shi har ya zama ciwo. To, sauran huɗun fa? Su ne waɗanda har yanzu suke zuwa aiki, suke aure, suke bin jam'i, suke kai yara makaranta. Ba za ku gan su a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba, kuma babu abin da zai kai su can a yanzu. Wurinmu suke zuwa. Mai a-daidaita-sahu da ke haɗiyar tiramol da asuba don ya jure zirga-zirga har dare zai zo da rauni a gwiwa. Lebura ko ɗan ƙwadagon gona da ke sha don ƙarfin aiki zai zo da ciwon baya. Matar aure da ke zuba kodin a lemo za ta zo da bushewar ciki da ciwon kai, ko ta zo awon ciki, ko ta kawo jariri rigakafi. Ɗalibi zai zo yana cewa barci ya ƙaurace masa. Mu ba su maganin abin da suka faɗa, su tafi. Shekara uku, shekara biyar, muna ganinsu suna ganinmu, ba wanda ya ɗaga zancen.

Da yawanku kun tuna shekarar 2018. A ƙarshen Afrilu BBC ta fitar da fim ɗin bincikenta kan kodin, wanda ya nuna yadda kwalabe ke fita ta bayan fage zuwa hannun matasa, har da na Kano. Ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mataki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai doka kwalba take iya kamawa. Damuwar da ta sa mace ta buɗe kwalbar tana nan inda take, kuma wanda jikinsa ya saba, in abu ya yi tsada ko ya yi wuyar samu, wani yake nema: roci, diyazefam, eksol, sholisho, sukudai, zaƙami a shayi. Aikin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC shi ne tare hanyar kaya. Mutumin da ke ƙarshen hanyar namu ne.

Kun kuma san inda latti yake kai iyali. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Ba a jima ba aka buɗe wani a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye. Ba na jin akwai uwar da ke son ganin ɗanta a sarƙa. Sai da abin ya fi ƙarfinta, ya sayar da kayan ɗakinta, ya ɗaga mata hannu, ta duba gabas da yamma ba ta ga mai taimako ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, bisa alƙaluman da ƙungiyarsu ta sha bayarwa, ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. In aka ce sai su za a jira, to gidan mari ba zai rasa baƙi ba.

Tambayar nan tana da tsari, ba da ka ake yin ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar da wata takardar tambayoyi da ake kira ASSIST, domin ma'aikatan lafiya na matakin farko irinmu. Tambaya takwas ce, kuma wanda ya saba yana gama ta cikin minti biyar zuwa goma. Ana fara tambayar abin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa. Sai a koma kan wata ukun da suka wuce: sau nawa ya sha, yana jin matsananciyar sha'awar abin, ya jawo masa matsalar lafiya ko ta kuɗi ko ta zamantakewa ko ta hukuma, ya hana shi sauke wani nauyi da ke kansa. Sai a tambaya ko wani ɗan'uwa ko aboki ya taɓa nuna damuwa, ko ya taɓa ƙoƙarin ragewa ya kasa, ko kuma ya taɓa yi wa kansa allura. Kowace amsa tana da maki, kuma kowane abin sha da lissafinsa daban. Ga ƙwayoyi, maki 0 zuwa 3 haɗarin kaɗan ne, 4 zuwa 26 matsakaici, 27 zuwa sama mai tsanani. Ga giya matsakaicin daga 11 yake farawa. Kada mu tsallake giya don mun ga mutum da carbi ko mun ji sunansa. A karanta masa jerin duka yadda yake a rubuce.

Amma takarda ba ta buɗe bakin mutum. Yadda aka yi tambayar shi ne rabin aikin, kuma a nan nake so mu daɗe.

Ku dubi ɗakin awon ciki ranar da ya cika. Mata a jere a benci, ƙofa a buɗe, labule ɗaya tsakanin mai awo da masu jira, wata ma'aikaciya na rubuta kati a gefe, ga uwar miji ta rako amarya tana tsaye riƙe da jaka. A haka sai a ce, "Ba kya dai shan komai ko?" Wace amsa ake jira? An riga an sa mata ita a baki. Za ta ce, "A'a wallahi, Sista," a ja layi a wuce.

Ga wata hanyar. A sallami mai rakiya cikin ladabi: "Mama, ɗan ba mu wuri zan duba ta." A rufe ƙofa. A zauna, kada a tsaya mata a ka. Sai a ce, "Ƙanwata, akwai tambayoyin da kowa muke yi wa, ba ke kaɗai ba, kuma abin da kika faɗa a nan zai tsaya. Mata da yawa in barci ya ƙi zuwa, ko rai ya ɓaci, sukan sha wani abu su samu sauƙi. Wasu maganin tari, wasu ƙwayar barci, wasu tiramol. Ke me kike sha?" Daga nan a yi shiru. A ajiye biro. Shirun nan yana da nauyi, kuma mu ma'aikata mun saba gaggawar cike shi, amma a bar mata shi. Sau da yawa za ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, ta ce, "Wata ƙawata ce ta taɓa ba ni a gidan biki." Kada a zaro ido, kada a yi salati da ƙarfi. A ce, "To, daga nan fa?" Ta ce, "Sai in raina ya ɓaci." "A sati kamar sau nawa ran yake ɓaci?" A nan zance ya buɗe, kuma galibi abin da zai biyo baya ba zancen kodin ba ne. Zancen kishiya ne, ko miji da ba ya kwana gida, ko ɓarin da ta yi bara ba wanda ya yi mata jaje, ko duka.

Ga namiji kuma, kada a ce masa "kana shaye-shaye?" Mai shan tiramol don aiki ba ya ɗaukar kansa ɗan shaye-shaye, a wurinsa 'yan shaye-shaye su ne na bayan kango. A tambaye shi me yake sha don ƙarfin jiki, ko don gajiya, ko don iyali. A ce ya nuna fakitin in yana aljihu, a duba lambar da ke jiki. Tiramol da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100. Na kasuwar bayan fage akwai mai 200, mai 225, har mai 250. Iyakar abin da likita ke ba babba a yini guda miligiram 400 ne, wato wanda ya haɗiyi biyu masu 225 da shayin safe ya riga ya wuce iyaka kafin ya tada mashin. A faɗa masa haka da lamba, a kuma faɗa masa cewa tiramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wasu mazajen da aka ce aljanu sun buge su a bakin aiki, wannan jijjigar ce.

Idan makin mutum kaɗan ne, a gaya masa, a ƙarfafa shi, shi ke nan. Idan matsakaici ne, nan ne wurin gajeriyar tattaunawa ta minti goma zuwa sha biyar, wadda aka gina kan hanyar da masana halayyar ɗan Adam biyu, William Miller da Stephen Rollnick, suka shimfiɗa. Ginshiƙinta shi ne mutum ya fi yarda da hujjar da ta fito daga bakinsa. Sai a nemi izininsa a nuna masa makinsa da abin da yake nufi ga lafiyarsa. A tambaye shi me yake ji in ya sha, me abin yake yi masa na daɗi. Na san wannan tambaya tana yi wa wasunmu nauyi, kamar ana yabon haram, amma in ba a san abin da ƙwayar ke biya masa ba, ba za a san abin da za a maye gurbinta da shi ba. Sai a juya: me kuma ba ya so game da ita? A nan zai ambaci kuɗin da ke tafiya, da faɗa da matarsa, da sallar asuba da ke kuɓuce masa. A maimaita masa maganarsa ya ji ta da kunnensa. Sannan a ba shi shawara a fili ba kwana-kwana, cewa mafi alheri ga lafiyarsa ya daina ko ya rage, a tambaye shi wane mataki zai iya ɗauka a wannan satin, a sa ranar dawowa.

Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, wa'azi yana da muhallinsa kuma ba mu da abin da zai maye mana shi. Sai dai wanda ke gaban nas ya riga ya san hukuncin abin da yake yi. Sanin ne ma ya sa yake ɓoyewa. Minti goman nan na saurare ne.

Wajibi ne in faɗa muku iyakar ƙarfin wannan hanya. A kan giya, hujjar amfaninta tana da ƙarfi, an gwada ta a ƙasashe da dama. A kan ƙwayoyi, gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Ostireliya da Brazil da Indiya da Amurka ya nuna cewa bayan wata uku, waɗanda aka yi wa tattaunawar sun rage fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Amma a 2014 an wallafa wasu manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da ba su ga bambanci ba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne zama ɗaya ba ya wadatarwa, musamman ga wanda talauci da damuwa suka yi wa katutu. A nan kuwa ma'aikaciyar unguwa ta fi likitan babban asibiti dama. Matar nan za ta dawo awo wata mai zuwa, za ta haihu a hannunki, za ta kawo jariri rigakafi a sati shida da goma da sha huɗu. Kowace zuwa dama ce ta cewa, "Yaya maganar nan tamu?"

Akwai kuma inda kuskure ke kashe mutum, don haka ɗalibai ku rubuta. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko roci ko giya mai yawa kullum, kada a ce ya yanke rana ɗaya. Yankewar gaggawa tana iya kawo jijjiga da ruɗewa har da mutuwa. Sai a hankali, ƙarƙashin kulawar likita. Mai ciki da jikinta ya saba da kodin ko tiramol ita ma kada ta yanke da kanta, a tura ta babban asibiti, kuma a sanar da masu karɓar haihuwa, domin jaririn na iya zuwa da kuka mai tsanani da karkarwa da ƙin kama nono. Mai shayarwa ta sani cewa magungunan nan biyu suna bi ta nono. In an kawo muku wanda ba ya cikin hayyacinsa, numfashi na fita da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke ƙwarai, to ku yi zaton ya zarce ƙima: a kwantar da shi ta gefe, a buɗe masa hanyar iska, a taimaki numfashi, a ba shi maganin naloxone in akwai. Kada a ɗura masa madara ko manja. Duk wanda makinsa ya yi sama, a tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma tana ceton rai. Wanda ya ce yana allura, a yi masa gwajin ƙanjamau da ciwon hanta.

Zancen allura ya kawo ni kan abin da ya shafi gidanmu. Fenta, wato pentazocine, ba a tasha ake fara ta ba. Yawanci a gadon asibiti ake yin ta farko. Kun ga masu sikila da cinyoyinsu da damatsansu suka taurare, suka cika da tabo da gyambo saboda allurar da suka koma yi wa kansu. Kun kuma san akwai abokan aikinmu da makullin kabad ya zama musu jarrabawa. Maganin wannan ba shi ne a hana mai sikila maganin raɗaɗi yana birgima ba, wannan zalunci ne. A ba shi abin da ya dace a rubuce, a ƙidaya kwalabe, a daina yi wa mutane allura a gida don sanayya. Abokin aikin da muka ga alama a tare da shi kuma, a ja shi gefe a yi masa tambayar da muke yi wa kowa, kafin ranar da za a tsince shi a banɗaki.

Iyaye kan zo su ce a yi wa yaro gwajin fitsari a kama shi. Gwajin yana da amfaninsa a hannun likita, amma galibi abin da aka sha cikin 'yan kwanaki yake nunawa, ba ya faɗin yawa ko dalili, kuma gwajin gama-gari ba ya kama tiramol sai in an sa shi musamman. In aka mai da shi tarko, yaron ya daina yarda da mu ke nan. Haka sirrin matar aure. Kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin awo tana iya kashe aure kafin magariba, kuma duk matan unguwa za su ji, ba wadda za ta ƙara faɗa mana gaskiya. Kada a rubuta a katin da za ta kai gida. Kada a gaya wa miji sai da yardarta, sai fa in rai ne ke cikin haɗari. Mutane su tabbata cewa asibiti ba ofishin NDLEA ba ne, ba kuma na Hisbah ba.

Na san abin da ke ranku: ma'aikaci ɗaya, marasa lafiya cike da baranda, ina lokacin? Ba kowa za a yi wa tambaya takwas ba. Tambaya ɗaya ta isa a fara da ita: cikin shekarar nan, sau nawa ka sha wani abin sa maye, ko wani magani ba don ciwon da aka yi shi dominsa ba? An gwada irin wannan tambaya guda a Boston ta Amurka, aka ga tana gano mafi yawan masu matsalar. Wanda ya ce ko sau ɗaya, shi za a zauna da shi.

Wanda makinsa ya kai 27 kuwa ya wuce aikinmu mu kaɗai, sai turawa: Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Amma miƙa wa mutum takarda a ce "je ka Dawanau" ba turawa ba ce, domin abin da zai ji shi ne an kira shi mahaukaci, takardar kuma a kwata za ta ƙare. A yi masa bayanin abin da za a yi masa a can, a nemi wanda ya yarda da shi ya raka shi, a kira wayar wanda zai karɓe shi, bayan sati a bincika ko ya je. In ya dawo ya koma ruwa, wanda hakan na faruwa sosai a wannan ciwo, a karɓe shi da fuskar da aka karɓe shi ran farko. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa irin waɗannan marasa lafiya suna da haƙƙin a mutunta su.

Ga shugabannin hukumomin lafiya a matakin farko da ke zaune a nan, buƙatunmu ba masu tsada ba ne. Muna son ɗaki mai ƙofa a kowane asibitin unguwa, da gurbi a rajista inda za a nuna an yi tambayar ba tare da bayyana amsar ga kowa ba, da naloxone a kabad ɗin gaggawa. Muna son takardar ASSIST cikin Hausar da mutanenmu ke ji, ɗauke da sunayen da ake kiran kayan nan da su a titi, a riƙa sabunta su domin suna canzawa. Makarantun jinya kuma su sa ɗalibai su riƙa gwada tattaunawar nan a aji, wannan ya zama nas wancan ya zama mara lafiya, har bakinsu ya saba da tambayar kafin a tura su unguwanni. Iyayenmu masu unguwanni, ku kuma muna roƙon ku sanar da jama'a tun kafin mu fara, cewa tambaya ce da za a yi wa kowa, don kada wanda aka yi wa ya zaci wani ne ya kai ƙararsa.